Yaran da Muka Ƙirga Sau Biyu

Akwai maganar da na san kun sha ji a gari, ko da ba a gabana ake faɗa muku ita ba: wai ubanku ne ya kori asibiti daga garinsu ya kai wa mutanen Tsallake. Ke Hadiza har dambe kika yi da wata a makaranta a kan haka, kika dawo da yagaggen hijabi, na tambaye ki kika ce ƙaya ce ta kama shi. Na sani sarai, na dai ƙyale ki ne. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba, domin a lokacin waɗanda abin ya shafa suna raye, ni kuma ba na son tone-tone. Yanzu ga ritaya, ga gwiwa ta raba ni da gona, ba abin da nake da shi sai lokaci. To ku saurara. Da farko dai ba asibiti ba ne, firji ne. Amma cewa ni na mayar da shi Tsallake, wannan ba ƙarya aka yi mini ba.

A shekarun nan ni ne jami'in da ke sa ido kan cututtuka a yankinmu. Sunan ya fi aikin girma. Babur ne da jaka, in zagaya ɗakunan shan magani, in kwashe sunayen waɗanda suka zo da ƙyanda ko sanƙarau ko amai da gudawa, in kai ofis. Mutanen gari Likita suke ce mini, alhali sai in yi wata ban riƙe allura ba. Kakarku Inna ta fi kowa jin daɗin wannan laƙabi, don ya raba ta da wahala. Ni ne ɗan farinta, kuma tun da ta haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba. Da can sai dai ta ce "wancan", ko "yayan Sale", tana kallon bango. Da na fara aiki ta samu Likita, ta riƙe shi har ta koma ga Allah.

Bazarar shekarar da nake ba ku labari ƙyanda ta shigo mana da ƙarfi. Duk wanda ya yi aikinmu ya san rajistar ɗakin shan magani ba ta faɗin gaskiya duka. Wanda aka kawo shi muke gani. Wanda aka kulle a ɗaki don kada iska ta taɓa shi, ana ɗirka masa jiƙo, a wurin hukuma bai yi ciwo ba, in ya mutu ma bai mutu ba. Abin ya daɗe yana damuna, amma ban san yana da magani ba sai da aka kira mu bita a Kano. Wata likita ce ta koyar da mu, gajeruwa mai saurin magana. Muna jiran ta buɗe littafi sai ta ciro ƙwaryar wake ta ɗora a tebur. Ta ɗebi guda ashirin, ta ɗiga wa kowanne jan biro, ta mayar, ta gauraya. Ta sake ɗiban ashirin, aka duba, huɗu ne masu ja.

"Ɗaya cikin biyar ke nan," in ji ta. "To ashirin ɗin da na shafa wa ja su ne kashi ɗaya cikin biyar na ƙwaryar. Wake nawa ne a ciki?"

Muka ce ɗari. Aka zazzage aka ƙirga, ya zo kusa da haka. Ta ce yaran da ke kwance ma haka ake yi musu. A samo jerin sunaye biyu daga hannu biyu da ba su haɗa baki ba, a ga yara nawa ne suka fito a duka biyun. In sun yi yawa, to kusan kowa an gan shi. In kaɗan ne suka haɗu, akwai tarin yara a ɓoye da ba wanda ya rubuta. Wallahi ranar ji na yi kamar an cire mini yana daga ido. Ina dawowa gida na kwashi waken da mahaifiyarku Rabi ta tanada don alala na bi shi da biro. Ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu, ta ce dama ta san boko zai taɓa ni wata rana, ba ta dai zaci ta kan wakenta zai fara ba.

Ba a jima ba aka sanar da mu cewa an samu firji ɗaya mai aiki da sola, na ajiye allurar riga-kafi, tare da ma'aikaciya da za ta zauna da shi. Ɗaya tak, kuma za a kai shi inda aka fi yawan yaran da ƙyanda ke kamawa ba a sani ba. A lokacin, in ana son allura sai an ɗauko ta daga Rimin Gado a akwatin ƙanƙara, kafin azahar ƙanƙarar ta narke, wanda bai samu ba sai wani jiƙon. Magana ta tsaya tsakanin garuruwa biyu: namu, da Tsallake, can ƙetaren rafi ta wajen gonakin rani na Watari. Aka ce ni zan yi lissafin, da dabarar waken nan.

A garinmu jeri na farko rajistar ɗakin shan magani ce. Mai rubuta ta wani ma'aikaci ne da aka turo daga birni, mutumin kirki, amma baƙo ne, abin da uwa ta faɗa masa shi yake rubutawa. Jeri na biyu mai unguwa da liman ne suka bi zaure-zaure suna tambayar magidanta. A Tsallake babu ɗakin shan magani, sai wata ungozoma, Malama Dije, wadda ake kai wa yara in jiki ya yi zafi. Tana da wani tsohon littafi da take rubutu a ciki da ajami, shi ne jeri na farko, na mai unguwarsu kuma na biyu. Na baje takardu na shiga haɗa suna da suna. Na Tsallake sun haɗu daidai gwargwado. Na garinmu kuwa, da ƙyar na tsinci 'yan ƙalilan da suka fito a duka biyun. Da na buga lissafi, adadin ɓoyayyun yaranmu ya ninka na Tsallake ya bar shi a baya.

A nan ne laifina yake, kuma gara ku ji shi daga bakina. Ya kamata in tsaya in ce, anya? Garin da aka haife ni, na san kowane lungu, ina yaran nan duk suka shige? Ban tambaya ba, domin lissafin ya faɗi abin da zuciyata ke so. Na kai rahoto, kuma tun kafin a sa masa hannu na tsegunta wa Baffanku Sale. Kun san Baffanku, Allah ya jiƙansa, cikinsa ba ya riƙe magana kamar yadda kwando ba ya riƙe ruwa. Kafin magariba gari ya ɗauka. Shi da kansa ya yanki gefen gonarsa ta bakin hanya, inda ya fi samun dawa, ya ce a gina wa firji ɗaki a nan. Aka yi gayya aka buga tubali. Ranar Juma'a dagaci ya sa aka yi mini addu'a, ana ta miƙo mini hannu. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fasu, har tafiyata sai da ta canza.

Wata la'asar na shiga gaishe da Inna, takardun suna hammatata, don a kwanakin ko kewaye zan shiga sai na ji kamar in tafi da su. Tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na zauna nesa kaɗan kamar yadda muka saba, na fara ba ta labarin yadda muka gano ɓoyayyun yara. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Don in burge ta sai na ɗauko rajistar na fara karanto sunaye. Abba ɗan Malam. Ummi 'yar Alhaji. Baffa ɗan Malam. Wani Abban kuma, ɗan Maigida. Ta tambayi bango, ba ni ba, wai Abban farko na wace unguwa ne. Na duba na ce Gangare, shekara biyu. Ta ce na Hansai ne, sunan surukinta aka sa masa, yaushe za ta iya kama shi a gaban baƙon namiji? Ta ce a duba ɗaya takardar, za a ga Haruna a gidan Audu maƙeri. Na duba. Yana nan, Haruna Audu, shekara biyu, Gangare.

Na daure na ce ai guda ɗaya ne. Na karanto Ummi. Ta ce ta gidan mai rini ce, sunan uwar mijin ne, a nemi Sa'adatu. Tana nan. Na karanto wani da aka rubuta Babangida. Nan Inna ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu, sannan ta ce:

"Wannan ɗan farin Talatu ne. Sunansa na yanka, to, irin na mai tambayar ne."

Na bi jerin liman da yatsa har na iso kan Isiyaku. Sunana ke nan, ga shi a rubuce, na yaro ɗan wata goma sha takwas da na ƙirga sau biyu. Ni da na shekara arba'in ina amsa "wancan" a bakin uwata, ni ne na zauna ina jiran matan garinmu su faɗa wa baƙo sunan 'ya'yansu na fari da na surukansu da na mazajensu. Liman shi ya raɗa wa yaran suna, da sunan yanka ya san su. Iyaye mata kuwa da sunan alkunya suka kai su. Yaro ɗaya, suna biyu, ni kuma na mai da shi yara biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Likitar nan ta koya mana komai game da wake, amma wake ba ya jin kunyar kowa.

Kwana uku muka yi muna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ni da Inna da Rabi. Inna ta san wanda ya haifi kowa, Rabi ta san wanda ya yi ƙyanda da wanda ƙurji ne kawai. Inda suna ya zo irin na Baba, Allah ya jiƙansa, sai Inna ta yi gyaran murya Rabi ta faɗa a madadinta. Da muka gama, kusan duk yaran rajista suna cikin jerin liman. Ma'ana a garinmu ɓoyayyun kaɗan ne, mutanenmu suna kai 'ya'yansu. Abin alfahari ne, amma a ranar ban ji shi haka ba.

Sauran fatana ɗaya, ko a Tsallake ma akwai kuskuren da zai rage nasu adadin. Na hau babur na tafi. Malama Dije ta shimfiɗa mini tabarma a zaure ta kawo littafinta. Ashe ita kowane yaro da sunan gidansu take rubuta shi, da sunan yanka da na alkunya, don ita ta yanke wa yawancinsu cibiya. Babu abin gyarawa. Na tambaye ta ko da gaske akwai waɗanda ba sa cikin littafinta kuma ba sa cikin na mai unguwa. Ta ɗauki mayafinta ta ce in biyo ta. Muka bi ta kan kunyoyin albasa har wasu gidaje na masu noman rani da ke can gefe. A gida na biyu aka yi mana iso, aka ɗaga labule. Yara biyu ne kwance a tabarma ɗaya, ɗakin ba iska. Babbar ta fara warwarewa. Ƙaramin idanunsa sun manne, uwar tana goge masa su da gefen zaninta, tana ce mini ai da sauƙi. Ba sunansu a takardar kowa. Lissafi ya ce suna nan, ga su kuwa na gani da idona.

Da na dawo, gida ya rabu. Rabi ta ce in bar kaza cikin gashinta. Ba sata na yi ba, ba ƙarya na shirya ba, kuma yaran garinmu ma 'ya'ya ne, ciki har da wanda ke bayanta a lokacin, wato kai Nasiru. Maganarta ba ta wauta ba ce, ni ma na auna ta ta fi sau goma. Sale kuwa da na kira shi gefe na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Yaya, wa ya sani ban da mu?"

Na ce babu.

"To wa ya aike ka?"

Na ce masa na ga yaran da idona. Ya ce shi ma yana ganin tubalin da mutane suka bar gonakinsu suka buga, da idonsa. Ya ce naka sai naka, in na kwance wa garinmu zani a kasuwa, kada in sake neman sa. Na juya wajen Inna ko za ta sa baki. Ta tattara ɓawon gyaɗarta ta shige ɗaki. Ita ta tono maganar, amma daga ranar ba ta ƙara cewa uffan a kanta ba, ni kuma na ɗauka tana bayan Sale, tana da-na-sanin buɗe bakinta. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar Litinin na je ofis na ce wa shugabana rahotona da kuskure. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce takarda ta riga ta hau sama, kuma bai taɓa ganin wanda ya zo da ƙafarsa ya ƙwace wa garinsu abu ba. Na ce to yau ya gani. Na rubuta gyara, na bayyana yadda aka yi, na sa hannu. Ba jarumta ba ce, kada ku ɗauka haka. A hanyar dawowa ma sai da na tsaya a gindin wata ɗorawa na daɗe, don ba na son shiga gari.

Aka kai firji Tsallake. Damina ta sauka a kan tubalin gonar Sale, ya narke ya koma tudun ƙasa, kuma bai kwashe shi ba, bai yi shuka a wurin ba, ya bar shi don in riƙa gani duk lokacin da na wuce. Shekara uku ba mu ci tuwo a kwano ɗaya ba. Za mu gaisa a masallaci, ina kwana lafiya lau, shi ke nan. A majalisa in na iso sai hira ta koma ta farashin taki. Rabi kuwa ita ta biya da ƙafarta. Duk allurar da aka yi muku, ku uku na ƙarshe, a bayanta kuka ƙetare rafin nan, wani lokaci ruwa har gwiwa. Ba ta taɓa dawowa ba tare da ta aje mini magana ba. Takan ce, sannu Likita mai wake, ga ɗanka an yi masa, saura ka ƙirga shi sau biyu. Amma ba ta taɓa tsallake ranar allura ko ɗaya ba, kuma ita ce ta riƙa tattara matan unguwa su tafi tare.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Daga shekarar na sa aka ƙara layi biyu a rajistar duk ɗakunan da nake zagayawa, ɗaya na sunan da ake kiran yaro a gida, ɗaya na sunan gidan, kuma na ce kada a ƙara matsa wa mace ta faɗi abin da bakinta ba zai iya ba, a tambayi wadda ta rako ta. Bayan wasu shekaru garinmu ya samu nasa firjin. Sale kuma, ranar sunan ɗansa na biyar, ya aiko a ce mini in zo in riƙe masa ƙafar rago. Ba mu yi maganar ba, a ranar ko bayanta. Muka ci gaba daga inda muka tsaya, har ya rasu kansa a cinyata. Alhamdu lillahi, ban bar aikin nan da haƙƙin kowa a wuyana ba, kuma barcina nake yi lafiya lau.

Inna ce kaɗai ban san matsayinta ba, shekara da shekaru. Sau da yawa nakan shiga da niyyar tambaya, in gaishe ta, in fito. A ciwonta na ƙarshe muka kai ta asibiti a birni, ni da Rabi. Wajen yankar kati wata ma'aikaciya ta tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ta tambayi garinsu, ta faɗa. Sai ta ce, Hajiya, wa za a nema in wani abu ya taso? Inna ta nuna ni da haɓa. Ma'aikaciyar ta ce, sunansa? Rabi ta buɗe baki za ta amsa kamar yadda ta saba, Inna ta ɗaga mata hannu. Na ce a raina, yau kuwa zan ji. Ta juya fuskarta wajen bango, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce:

"Miƙa masa biron ya rubuta da kansa, 'yar nan. Shi ba ya rubuta abin da ba haka ba."

Aka miƙo mini biro. Sunana ne, na rubuta shi ya fi sau dubu, amma ranar sai da Rabi ta riƙe mini katin.